Inda tsohon jirgi ke gamuwa da sabuwar mota

Duk wanda ya zauna kusa da hanyar jirgin ƙasa ya san wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: in jirgi da mota suka yi karo, mai mota ne ke biya da ransa, direban jirgi kuwa ya sauko da ƙafafunsa, sai dai abin ya zauna masa a zuci. Ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan tan ne ya gamu da gwangwani. Amma a kudu maso gabashin Ingila, cikin yankin Kent, akwai wata ƴar hanyar jirgi da ta juya wannan ƙa'ida har sau uku, cikin shekarun 1973 da 2003 da 2005. Kowane karo gawar direban jirgin aka ɗauko. Sunan hanyar Romney, Hythe da Dymchurch, sunayen garuruwa uku da take ratsawa, kuma tana cikin irin hanyoyin da Turawa ke kira jiragen tarihi, watau waɗanda ake raya su domin gado da yawon buɗe ido. Labarinta ya shafi duk wata ƙungiya da ta ɗauki nauyin adana abin da, domin yana nuna iyakar abin da ake iya adanawa.

Sai mu fara da yadda aka yi jirgin ƙasa ya zama kayan tarihi. A ƙasar Wales akwai wata ƴar siririyar hanya, Talyllyn, da aka gina cikin 1865 don sauko da dutsen allo daga tsauni zuwa bakin teku. Tsawonta bai wuce kilomita 12 ba. Da mai ita, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu cikin 1950, ba wanda ya ga wata riba a cikinta. Sai wasu masu sha'awar jirgi, ƙarƙashin jagorancin marubuci Tom Rolt, suka kafa ƙungiya suka karɓe ta, ranar 14 ga watan Mayu na 1951 jirginsu na farko ya tashi. Ita ce hanyar jirgi ta farko a duniya da ƴan sa-kai suka ceto suka ci gaba da tafiyar da ita. Cikin 1960 hanyar Bluebell ta bi sahu da manyan jirage. Daga nan abin ya zama ruwan dare, saboda dalili biyu da suka zo kusa da juna. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar a rufe kimanin kilomita 8,000 na hanyoyin jirgi da tashoshi fiye da 2,000, sannan cikin watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da injin tururi gaba ɗaya. Ga hanyoyi an yasar, ga injuna ana sayarwa a kuɗin tsohon ƙarfe. Malaman makaranta da limaman coci da tsofaffin ma'aikatan jirgi suka riƙa haɗa kuɗi suna saye. Yau irin waɗannan hanyoyi sun haura 100 a Birtaniya. Faransa ma tana da nata, irin na Vivarais da na Baie de Somme, waɗanda masu sha'awa suka farfaɗo da su wajajen 1969 da 1970.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi ke sayarwa shi ne jiya. Mai ziyara ya biya kuɗi ya shaƙi hayaƙin kwal, ya ji busar injin, ya ga mai yanka tikiti cikin tufafin kakansa. Cikin tasha da cikin tarago ana iya tsayar da zamani. Wuri ɗaya ne ba a iya tsayar da shi: matsallaka, watau inda hanyar mota ke ƙetare hanyar jirgi a bisa ƙasa ɗaya, ba gada ba rami. Nan ƙungiya ba ta da iko sai da rabin abin. Ɗaya rabin na mai motar yau ne, wanda bai sayi tikiti ba, bai zo kallo ba, sauri yake yi ya kai ɗansa makaranta.

Ita kanta matsallakar tana da nata tarihin, kuma tarihi ne na yadda aka riƙa janye mutum daga wurin. Tun 1839 dokar Birtaniya ta tilasta wa kamfanonin jirgi su kafa ƙofofi inda hanyarsu ta ratsa babbar hanya, su kuma ajiye mai gadi. Dokokin 1842 da 1845 suka ƙara ƙarfafa wannan. Don haka har yau in ka bi tsofaffin hanyoyin Ingila da Faransa za ka ga ƴan gidaje a bakin matsallaka, gidajen masu gadi ne, kuma sau da yawa matar ma'aikacin jirgi ce ke buɗewa da rufewa. Mai gadi ya san kowa. Ya san manomin da ke makara da keken dokinsa, ya san yaron da ke son kutsawa ta ƙarƙashin ƙofa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu albashi ya hau, motoci suka yi yawa, direbobi suka gaji da jiran ƙofar da ake rufewa tun jirgi yana nesa. Aka ɗauko dabarar bariyar mai sauka da kanta, wadda ke tare rabin hanya kawai. Ta farko a Birtaniya an kafa ta cikin 1961 a wani wuri da ake kira Spath.

Ba a jima ba aka ga kuɗin wannan arha. Ranar 6 ga Janairu na 1968, a Hixon, wata doguwar motar dakon kaya ɗauke da taransifoma mai nauyin tan 120 ta hau matsallaka tana rarrafe, gudunta bai fi na mai tafiya a ƙasa ba. An tsara bariyar ta yadda jirgi mai gudu zai iya isowa sakan 24 bayan wuta ta kama. Motar tana buƙatar kusan minti guda kafin ta ƙetare. Akwai wayar tarho a wurin domin mai irin wannan kaya ya nemi izini tukuna, amma daga direbobin har ƴan sandan da ke masu rakiya ba wanda ya yi amfani da ita. Jirgin ya iso da gudun da ya kai kilomita 120 a awa, mutum 11 suka mutu. Shekara 18 bayan haka, cikin Yuli na 1986, a Lockington, wata ƴar motar kaya ta shiga matsallakar da ba ta da bariyar ko kaɗan, sai jar wuta mai ƙyaftawa. Mutum 9 suka rasu, 8 daga cikinsu fasinjan jirgi ne. Binciken da ya biyo baya ya sa aka rage irin wannan buɗaɗɗiyar matsallaka a manyan hanyoyi. A ƙananan hanyoyi masu jirage marasa gudu aka bar ta, bisa lissafin cewa jirgin da ke tafiya sannu ba ya kisa.

Wannan lissafin ne hanyar Romney ta ƙaryata.

Asalinta ma abin mamaki ne, domin masu tseren mota ne suka yi mafarkinta. Kyaftin John Howey da abokinsa Louis Zborowski attajirai ne biyu da suka haɗa sha'awar gudun mota da sha'awar ƙananan jirage. Zborowski ya ba da odar injuna biyu, amma bai gan su suna aiki ba, ya mutu cikin motarsa ta tsere a Monza ta Italiya cikin 1924. Howey ya ci gaba shi kaɗai tare da injiniya Henry Greenly. Ranar 16 ga Yuli na 1927 aka buɗe hanyar daga Hythe zuwa New Romney, shekara guda bayan haka ta kai Dungeness, wani tsinin ƙasa mai tsakuwa da ya kutsa cikin teku. Tsawonta duka kusan kilomita 22. Faɗin da ke tsakanin ƙarfunanta biyu santimita 38 ne kawai, bai kai kamu guda ba, alhali na babban jirgi ya kusa mita ɗaya da rabi. Injunan an ƙera su da siffar manyan injunan tururi na wancan zamani, amma kashi ɗaya cikin uku na girmansu. Direba yana zaune, kansa a waje, tukunyar tururi a gabansa, kwal a bayansa. Duk da ƙanƙantarsu nauyin kowane ya kai wajen tan 8, kuma suna gudun kilomita 40 a awa da taragai cike da mutane.

Kada mai karatu ya ɗauka abin wasan yara ne, ko da yake da yawa haka suka ɗauke shi, kuma a nan matsalar take. Lokacin yaƙi sojoji sun karɓe hanyar, har suka haɗa ƙaramin jirgi mai sulke da bindigogi yana sintiri a bakin teku, kuma ta yi dakon kayan bututun man da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku zuwa Faransa. Cikin 1947 ƴan wasan barkwancin nan Laurel da Hardy suka zo bikin sake buɗe ɓangaren Dungeness. Bayan rasuwar Howey cikin 1963 hanyar ta yi ta canja hannu har ta kusa mutuwa, sai wasu masu sha'awa ƙarƙashin Sir William McAlpine suka ceto ta farkon shekarun 1970. Daga 1977 har zuwa 2015 tana kai ɗalibai makarantar sakandare ta New Romney safe da yamma. Malaman wannan makaranta sun yi shekaru suna karɓar ɗaliban da jirgi mai faɗin kamu guda ya kawo.

Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da makiyayar tumaki, ba tudu ba kwari. Gada tana da tsada a irin wannan wuri, shi ya sa hanyar take gamuwa da hanyoyin mota na gwamnati a wuri 13, ban da ƴan hanyoyin gona. Cikin 1927 wannan bai dami kowa ba. Motocin gida a Birtaniya duka ba su kai miliyan 1 ba, kuma hanyoyin fadamar na makiyaya ne da masunta. Zuwa 2005 motocin sun haura miliyan 25, bakin tekun ya cika da gidaje da sansanonin masu hutu, baƙi kuma na zuwa daga Landan ba su san lungunan ba. Jirgin yana nan yadda Howey ya bar shi. Hanyar da yake ƙetarewa ce ta zama wata daban.

Cikin Agusta na 1973 wata motar sata ta afka wa injin da ake kira Samson a wata matsallaka a Dymchurch, direban jirgin ya mutu. Ana iya cewa wannan aikin ɓarayi ne, ba ya zama ma'auni. Matsallakun dai sun samu jar wuta mai ƙyaftawa, irin ta Lockington, ba bariyar. Aka yi shekara 30 ba a sake rasa direba ba. Sai ranar 3 ga Agusta na 2003, tsakiyar lokacin hutu, wata mata ɗauke da jaririnta ta shiga matsallakar hanyar Burmarsh wuta tana ci. Injin Hercules ya buge motar ya sauka daga kan ƙarfe. Direbansa, mai shekara 31, ya rasu nan take, fasinja da dama suka ji rauni, matar da ɗanta suka tsira. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 10 ga Yuli na 2005, wani saurayi ya yi haka a hanyar Battery kusa da Dungeness. Injin Hurricane ne wannan karo, kuma mace ce ke tuƙa shi, ita ma ta rasu. Dukan direbobin motocin biyu sun gurfana gaban kotu, an same su da laifin sakaci wajen tuƙi, ba a kama su da babban laifin kisa ta hanyar mugun tuƙi ba.

Hukuncin ya yi wa ma'aikatan jirgin ciwo, kuma ana fahimtar dalili. Amma in aka dube shi da kyau, yana faɗar wani abu da ya fi ɗaurin kurkuku amfani. Waɗannan ba mahaukatan direbobi ba ne. Mutane ne irin kowa, da rana tsaka, suka kalli jar wuta ba su gan ta ba, ko suka gan ta ba su ɗauke ta da nauyi ba. Tambayar da ta dace ita ce me ke sa mai hankali ya yi haka.

Abu na farko sabo ne. Babban jirgi yana wucewa kullum, sau da yawa a yini, har jikin mai mota ya koyi tsoronsa. Jirgin tarihi kuwa yana aiki lokacin zafi da ranakun hutu, da hunturu ya yi tsit kwana da kwanaki. Mutumin unguwa ya ƙetare wurin sau ɗari bai ga komai ba, idonsa ya daina lissafa matsallakar cikin abubuwan da ake dubawa. Baƙo shi kuma bai ma san akwai jirgi a lungun ba. Sabo da maza jari ne, in ji masu iya magana, amma sabo da matsallakar da ba kowa bashi ne. Abu na biyu raini. Wanda ya hango injin da tsayinsa bai kai ƙirjin mutum ba, fentinsa kore ko ja, yara na ɗaga hannu daga taragai, zuciyarsa ba ta ce masa mutuwa ce ke zuwa ba. Ido ma yana ruɗinsa: abu ƙarami ya kan yi kamar yana nesa. Sai ya taka mai yana ganin zai riga shi, ko kuma yana zaton jirgin zai tsaya masa kamar yadda wata motar za ta yi.

Jirgi ba ya tsayawa haka. Tayar roba tana kama kwalta, ƙafar ƙarfe kuwa sulɓi take yi bisa ƙarfe, wannan sulɓin ne ma ya sa ƙaramin inji ke jan kaya mai yawa. Babban jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana iya cin kusan kilomita guda kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Ƙaramin na Romney ya fi shi saurin tsayawa, amma ba cikin ƴan mitocin da ke tsakanin shingen gida da bakin kwalta ba. Sannan in karon ya auku, lissafin nauyi ya juye. Motar yau tana da ɗamara da jakar iska da jikin da aka ƙera don ya murƙushe ya kare na ciki. Injin 1927 yana tsaye bisa ƙarfuna masu tazarar santimita 38, bugu daga gefe yana iya tuntsurar da shi, direbansa kuma ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa, ga wuta da tafasasshen ruwa a gabansa. Shekara 80 na bincike sun tafi wajen kare mai mota. Direban jirgin an bar shi cikin 1927 da gangan, domin abin da masu ziyara ke biya su gani ke nan.

Bayan 2005 masu hanyar suka shiga kafa bariyar mai sauka da kanta, suka fara da wuraren biyu da aka yi rashi. Kowace matsallaka ta ci kimanin fam 180,000, kuɗi mai yawa ga hanyar da ke rayuwa da tikitin masu hutu da gudummawar magoya baya, shi ya sa aikin ya ɗauki shekaru. A ganina sun yi daidai, ko da yake bariyar mai lantarki ba ta yi kama da 1927 ba ko kusa. Akwai masu kishin gado da ke ƙyamar duk wani sabon ƙarfe a gefen tsohuwar hanya, kuma a cikin tasha ina tare da su. A matsallaka ba su da hujja. Wasu hanyoyin tarihi sun bi wata dabarar da ta fi dacewa da sunansu: jirgi ya tsaya cak kafin kwalta, ma'aikaci ya sauko ya rufe ƙofa ko ya ɗaga jar tuta, jirgi ya ƙetare, a buɗe. Sun maido da mai gadin 1839, kuma suna iyawa ne saboda ƴan sa-kai ba sa karɓar albashi. Hanyar da ke da matsallaka 13, wadda har zuwa 2015 take da jadawalin kai ɗalibai makaranta, ba za ta iya tsayawa sau 13 ba.

Bariyar ta rufe hanyoyin gwamnati, ta bar na gona, inda manomi ke buɗe ƙofa da hannunsa ya duba dama da hagu. Cikin Satumba na 2016 wata tarakta ta shiga irin wannan matsallaka kusa da Dymchurch. Injin da ya same ta shi ne Green Goddess, ɗaya daga cikin biyun da Zborowski ya ba da oda kafin ya mutu. Ya kife, direbansa ya ji rauni amma ya rayu, injin kuma bai koma aiki ba sai 2019.

Wannan matsallakar gona ita ce ta kawo labarin kusa da mu. Nijar ba ta da jirgin tarihi, domin ba ta da tsohon jirgin da za ta adana. Hanyar Ingilishi ta iso Kano cikin 1911, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929 da Nguru cikin 1930, ta tsaya can. Ta Faransawa daga Kwatano ta tsaya a Paraku. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram a bayan raƙumi da babbar mota ta riƙa zuwa bakin dogo. Amma abin da ya kashe direbobin Romney, watau jirgin da ba a saba gani ba a hanyar da aka saba bi, mun riga mun fara koyon rabinsa. An ƙaddamar da hanyar Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, cikin Janairu na 2016, ba ta kuwa shiga jigilar yau da kullum ba. Shekaru mutanen Yamai suka yi suna hawa ƙarfunanta da mota da babur ba tare da waiwaye ba, har yaran da suka tashi lokacin suka san hanyar jirgi a matsayin wurin da ba abin da ke wucewa. Cikin Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgin da aka tsara mata babba ne mai gudu, irin wanda ke buƙatar kilomita kafin ya tsaya. Manyan hanyoyin kwalta injiniyoyi na ganinsu a taswira, suna iya yi masu gada. Tsakanin Jibiya da Maraɗi kuwa akwai burtalin da shanu ke bi da kaka, da turbar amalanke ranar kasuwa, da ƴar hanyar da ɗalibai suka tsaga da ƙafa daga ƙauye zuwa makaranta, kuma waɗannan sai mai gari da makiyayi da malamin makarantar ne suka san inda suke ratsawa.